Abin da Yashin Gagare Ya Koya Mini

Mu yaran Ƙauran Namoda ba mu san teku ba, Gulbin Gagare muka sani. An ce a bakin teku, irin su Badagry, ruwa kan janye ya dawo sau biyu a rana saboda jan wata. Namu gulbin sau ɗaya yake yi a shekara. Daga Nuwamba ruwa zai fara ja da baya, kafin Maris sai ka ga farin yashi shimfiɗe, da 'yan gurabun ruwa a gindin gaɓa inda tarwada ke maƙalewa. Can muke wuni, muna lalube da hannu a cikin taɓo, mata kuma na tona yashi da ƙwarya har ruwa mai sanyi ya tsattsafo.

Wata ranar Alhamis a farkon damina, manya sun tafi cin kasuwar Shinkafi, na bi baffana zuwa wani lungu da gaɓa ta yi wa rumfa. Babu ko alamar hadari. Ina tsakiyar kamun kifi ya kira ni.

"Yaro, fito."

"Baffa, saura kaɗan in cika gorar."

Bai maimaita ba. Ya nuna mini wani siririn ruwa mai jan ƙasa da ke gangarowa daga kudu, ɗauke da kumfa da guntayen kara. Muka hau gaɓa. Ban gama sa takalmi ba gurbin ya ɓace, gorata ta bi ruwa. An yi ruwan sama a wani gari mai nisa, mu ko yayyafi ba mu gani ba.

Ni sama nake kallo, shi kuwa ƙasa yake karantawa. Tun daga ranar nake neman hanyar fita kafin in shiga kowane wuri, kuma idan wanda ya riga ni sanin wurin ya ce in tashi, nakan tashi tukuna, in tambayi dalili daga baya.

Yau 'yan bindiga sun hana yara da yawa zuwa bakin Gagare da Gulbin Bunsuru ta wajen Zurmi, kuma wannan na ci mini rai, domin ilmin nan ba a allo ake rubuta shi ba. Iyaye, duk wanda ya san alamun saukowar gulbi ya zaunar da 'ya'yansa ya faɗa musu tun kafin ruwan farko.