Daga Ɓargo Zuwa Kaluluwa

Tun kafin littattafan kimiyya su iso mana, Bahaushe yana da sunayen alamomin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke bari idan suna bakin aiki. A ƙasar Kazaure inda na tashi, idan yaro ya yi tuntuɓe yatsa ya rure, iyaye mata sukan lalubi matsematsinsa su ce kaluluwa ta fito. Kaluluwar nan matattara ce ta fararen ƙwayoyin jini, kuma kumburinta shaida ce cewa sun taru suna hayayyafa. Mugunyar da ake matsewa daga gyambo kuwa, akasarinta gawawwakin ƙwayoyin nutrofil ne, masu fara isa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta su mutu a can. Wannan ɗabi'a ta haɗiya masanin Rasha Élie Metchnikoff ya gano ta a 1882.

Asalinsu duka ɓargo ne, wanda muka fi sani a kaskon mai balangu. A cikinsa uwayen ƙwayoyi ke haifar jinin jiki baki ɗaya. Ƙwayoyin B a nan suke balaga, su ne masu ƙera sinadaran da ke manne wa cuta. Ƙwayoyin T kan yi ƙaura zuwa taimos, wata tsoka a bayan ƙashin ƙirji, inda ake tantance su, a kashe duk wadda za ta far wa jikin mai ita. Jacques Miller ya bayyana aikin taimos a 1961.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tunawa. Tsofaffi a Roni da Gwiwa sun daɗe da sanin ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu. Dalili shi ne wasu ƙwayoyin B da T sukan rayu shekaru suna riƙe da kamannin cutar. Allurar rigakafi wannan hadda take koyarwa ba tare da yaro ya kwanta ba.

A nan nake ganin kalmar garkuwa ta gaza. Garkuwar mayaƙi fata ce busasshiya, ba ta koyo, ba ta tuna wanda ya sare ta. Uban da aka ce wa allura tana ƙara garkuwa yana da hujjar tambayar me ya sa za a maimaita ta. Mun ga abin da rashin fahimta ya jawo lokacin ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV ta sanƙarau, cutar da ke tashi da bazara a garuruwan iyaka irin Babura. Ma'aikacin lafiyar da zai tsaya a ƙofar gida yana buƙatar kalmomin da magidanci zai gamsu da su, kuma masana Hausa ne ya kamata su ƙera masa su daga ɓargo da kaluluwa da hadda, waɗanda mutane suka riga suka yarda da su.