Babin Tukunyar Ranar Hunturu

Ya kai ɗan'uwana mai karatu, ko kai almajiri ne ma'abocin allo, ko ɗan kasuwa ma'abocin mudu, ka sani cewa sanyi baƙo ne da yake sauka a kowace ƙasa da irin tufafinsa. A Turai yana zuwa da dusar ƙanƙara, ta rufe hanya, ta tsare mutane cikin ɗakuna. Ko a bakin Sahara, a garin Ain Safra na ƙasar Aljeriya, an ga ta sauka a kan rairayi a 1979, aka kuma sake gani a 2016. Amma mu a Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, rabonmu hunturu ne: iska mai fitowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana tsananta a watannin Disamba da Janairu. Hazo ya tare rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya zama abin tsoro.

To, a irin wannan rana, wa yake fara tashi? Lalle ne macen gida. Tun kafin ladan ya kira assalatu ta fito tsakar gida, ta tona toka tana neman garwashin jiya, ta karya karan dawa, ta hura, iska tana kashewa tana sakewa, hayaƙi yana cika mata ido. Ta ɗora ruwan alwala domin tsofaffi, sa'an nan ta ɗora ɗumame. Ni na tashi a gidan da mahaifiyarmu ba ta taɓa barin yaro ya fita makarantar allo ranar sanyi da ciki wayam ba. Sai ta dama kunun tsamiya, ta zuba citta da kanumfari da masoro, ta ce mu sha da zafinsa. Hannuwanta kuwa duk sun tsattsage saboda wanke gero, ba mu taɓa jin ta ambata ba.

Ka lura da hikimar wannan girki. Hunturu yana biyo bayan kaka, lokacin da rumbu yake cike, sai tukunya ta samu abin da take bukata. Ganye ɗanye ya yi ƙaranci, sai a koma ga abin da aka shanya aka adana: kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono. Da dare a tuƙa tuwon dawa mai nauyi, domin daren sanyi dogo ne, mai yunwa kuwa ba ya jin ɗumi ko da ya lulluɓa da bargo biyu. A bar saura domin safiya, gama sanyi yana tsare tuwo daga lalacewa. A binne dankali ko rogo cikin toka domin yara. Babu abin da ya tafi a banza, har ƙanzo.

Saboda haka ina yi maka wasiyya da abu uku.

Na farko gare ka ne, maigida ɗan kasuwa. Kada ka kama hanyar Kazaure ko Kano da sassafe alhali ba ka ajiye itace da cefane ba. Mace ba ta dafa alkawari. Idan ka komo aka kawo maka akushi, kada farkon maganarka ya zama gishiri ya yi kaɗan. Ka tambayi mai girkin ko ita ta ci, domin sau da yawa mai rabon tuwo ita ce mai kwana da ƙanzo. Idan kuma kai ne mai sayar da itace ko gero, kada ka mai da sanyin mutane ribarka, ka ƙara kuɗi don ka ga ba su da mafita.

Na biyu gare ka ne, almajiri. Kwanon da aka miƙo maka ta ƙofar zaure, loma ce aka cire daga bakin 'ya'yan gida. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi addu'a, kada ka raina don ba nama. In kana da ƙarfi, ka ɗebo wa uwar ɗakinka ruwa, ka faskara mata itace. Ka kuma tuna da ƙolo ƙaraminku, wanda ba ya iya yawo cikin hazo, ka rage masa.

Na uku ya shafi kowa, shi ne sha'anin wuta. Iskar hunturu ta busar da danni da jinka, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida da rumbu har da na maƙwabci. A kashe murhu bayan girki, a nisanta kara daga gare shi, a tsare yara daga bakin tukunya. Mafi haɗari shi ne kaskon gawayi cikin ɗaki rufaffe. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda take hana jini ɗaukar iskar numfashi, mutum yana barci ba ya sani har rai ya fita. A fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafar shan iska.

Ya ɗan'uwana, hunturu kwanaki ne ƙididdigaggu, zai wuce, zafin bazara ya zo. Amma yaron da aka ciyar da zafi ranar sanyi ba ya mantawa, haka macen da aka gode wa. Allah ya ɗumama gidajenmu da wadata da zaman lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Amin.

Tamat.