Babul Amud, Ƙofar Ginshiƙi ta Birnin Ƙudus

Da sassafe, tun masu kantuna ba su buɗe ba, matan ƙauye sun riga sun zauna bakin ƙofar. Kowace ta shimfiɗa buhu, ta jera abin da gonarta ta ba ta. Wata ganyen inabi ta kawo, wata na'ana'a, wata ɓaure ko zaitun, gwargwadon lokacin shekara. Galibinsu dattijai ne. Suna saye da doguwar riga mai aikin zare a gaba, irin ta matan Falasɗinu.

Wannan wuri shi ne Babul Amud, babbar ƙofar arewa ta tsohon birnin Ƙudus, wanda ake kira Baitul Muƙaddas. Musulmi da Kirista da Yahudawa duk suna girmama wannan birni. In mutum ya shiga ƙofar, ya yi ƴar tafiya kaɗan, sai hanya ta rabu biyu. Ta hagu tana gangarawa wajen Masallacin Aƙsa, kuma ita ce ke kai Yahudawa wajen bangon da suke addu'a. Ta dama tana ratsa kasuwa zuwa babbar majami'ar Kirista. Ga shi kowa da inda ya nufa, amma ƙofa guda suka shiga.

Ganuwar birnin ta dutse ce. Sarkin Turkawa, Sultan Sulaiman na Santambul, shi ya sa aka gina ta daga shekara ta 1537 zuwa 1541. Kewayenta ya kai kilometir 4, tsawonta sama kuwa wajen metir 12. Yau tana da ƙofofi 8. Bakwai a buɗe suke. Guda, wadda ake ce wa Babur Rahma, an toshe ta da dutse tun 1541. Cikin dukansu babu wadda ta kai Babul Amud girma da ado. Maginan sun yi mata dabara. Ba a shiga a miƙe. Sai mutum ya karya hagu, sa'an nan ya karya dama, kamar zaure mai lungu. An yi haka don kada mahayan abokan gaba su afka cikin gari a guje.

Ƙofar tana da suna uku. Turawa suna ce mata Ƙofar Dimashƙa, don daga nan ayari ke kama hanyar ƙasar Sham. Yahudawa suna ce mata Ƙofar Shakem, watau garin Nablus da ke kan wannan hanya. Larabawa kuwa suna cewa Babul Amud, ma'ana Ƙofar Ginshiƙi.

To, baƙo zai duba ko'ina, ba zai ga ginshiƙi ba. Ina ya tafi? Wajen shekara ta 135, Rumawa sun sāke gina birnin a zamanin sarkinsu Hadiriyan. Sun yi ƙofa mai baki uku a wannan wuri, suka kafa dogon ginshiƙin dutse a filin da ke cikinta. Ginshiƙin ya ɓace tun da daɗewa, amma sunan ya zauna bakin mutane, daga kaka zuwa jika. A shekara ta 1884 aka tarar da wata tsohuwar taswira a garin Madaba, cikin ƙasar Jodan ta yanzu. Da ƙananan duwatsu masu launi aka yi ta, a daɓen wata majami'a, shekara wajen 1,400 da suka wuce. Ga birnin Ƙudus a jikinta, ga ƙofar, ga ginshiƙin tsaye. Ashe talakawa ba su yi ƙarya ba. Daga baya masu tonon kayan tarihi suka haƙa ƙarƙashin ƙofar Sulaiman, suka iske baki guda na ƙofar Rumawa yana nan. Har yau ana ganinsa, ƙasa da inda mutane ke takawa.

Masu mulki da yawa sun riƙe wannan ƙofa. Turkawa sun yi shekara 400, suka fita a 1917. Turawan Ingila suka karɓa, suka tafi a 1948. Daga nan tsohon birnin ya koma hannun Jodan har 1967, lokacin da sojan Isra'ila suka kama shi da yaƙi. Isra'ila ta ce dukan birnin nata ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta yarda da haka ba, tana ɗaukar gabashin birnin wurin da aka mamaye. Duk cikin wannan canji, masu kawo abinci daga ƙauye ba su daina zuwa ba.

Cikin waɗanda suka shigo birnin har da mutanen ƙasashenmu. Akwai alhazai daga Cadi da Najeriya da Sudan da Senegal, cikinsu da Hausawa, waɗanda suka gama aikin Makka suka zarce ziyarar Ƙudus. Waɗansu ba su koma gida ba. Sun yi aure can, sun haifu. Jikokinsu suna zaune dab da wata ƙofar Masallacin Aƙsa mai suna Babun Nazir. Larabci suke yi yanzu, amma sun san inda kakanninsu suka fito.

A zamanin da, in rana ta faɗi sai a ja ƙyaure a kulle. Wanda ya makara ya kwana waje, shi da jakinsa. Amma ya san da gari ya waye za a buɗe masa. Bayan 1860 mutane suka fara gina unguwanni bayan ganuwa, sannu a hankali aka bar rufe ƙofofi.

Yanzu ƙofar ba ta rufuwa, dare da rana. Duk da haka isowa wurinta ya fi da wuya ga mutumin ƙauye. Tun shekarun 1990, Bafalasɗinen da ke zaune Yammacin Kogin Jodan sai da takardar izni yake shiga Ƙudus. A 2002 Isra'ila ta fara gina wata sabuwar katanga, wadda a kewayen birnin ta siminti ce, tsawonta ya kai metir 8. Ta ce don ta tsare mutanenta daga hare-hare ne, kuma an sha kai hari a birnin, har a bakin wannan ƙofa. A 2004 Kotun Duniya ta ba da ra'ayi cewa ginin katangar cikin ƙasar da aka mamaye ya saɓa wa doka.

Garin Baitalami bai wuce kilometir 10 daga Ƙudus ba. Da yawa cikin matan nan daga ƙauyukan wajen suke. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, yanzu sai an tashi da dare, an bi layi a shinge. Ranar da aka rufe hanya, kaya sai su kwana gida. Kowane mai lambu ya san abin da kwana biyu ke yi wa ganye. In ma mace ta iso, ba ta da rumfa. Wani lokaci ma'aikatan gari su tashe ta, wani lokaci su kwashe kayan. Kuɗin da za ta koma da shi kuwa, shi ne cefanen gida da kuɗin karatun jikoki.

Mutanen birni ma suna jin ƙofar a ransu. A gabanta akwai matakalai masu faɗi inda jama'a ke zama hira, musamman bayan shan ruwa cikin azumi. A watan Afrilu na 2021 ƴan sanda suka kafa shingen ƙarfe a kan matakalan. Aka yi kwanaki ana tashin hankali tsakaninsu da samari, har aka janye shingen.

Baƙi masu ziyara suna tsayawa su ɗaga kai, su kalli adon dutsen Sulaiman, su ɗauki hoto. Kaɗan ne ke duban ƙasa, inda tsohuwa ke yayyafa wa na'ana'arta ruwa don kada ta yi yaushi. Alhali birni, kome tsarkinsa, daga ƙauye yake ci. Da la'asar sai ta naɗe buhunta, ta ƙulle kuɗinta, ta kama hanyar shinge. Ko za ta samu wucewa gobe, ba a hannunta yake ba.

Allah shi ba mutanen wannan birni zaman lafiya, shi sauƙaƙe wa manomansu hanya.