Jakin maginin tukwane

Man da ake matsewa daga riɗi, yana cikin ƙwayar tun farko, ko sai an matsa yake samuwa? Tambayar kamar ta yara ce, amma malaman Indiya sun haura shekara dubu suna kai ruwa rana a kanta.

Mazhabar Sankiya, wadda Ishwarakirishna ya tattara koyarwarta cikin baitoci kimanin 70, ta ce man yana ciki. Matsa ba ta ƙirƙiri komai ba, ɓoyayye ta fito da shi fili. In ba haka ba, me ya hana a matse yashi a sami mai? Me ya sa mai son kindirmo yake neman madara, ba ruwa ba?

'Yan mazhabar Niyaya suka ce a'a. Tulu sabon abu ne da babu shi kafin a gina shi, don curin yumɓu ba ya ɗebo ruwa. A nan ne suka burge ni. Sun zauna sun tankaɗe abin da ya cancanci a kira shi sanadi. A wajensu sanadi shi ne abin da kullum yake gabatar samuwar abu, babu fashi, kuma in babu shi aikin ba zai yiwu ba. Yumɓu sanadi ne. Magini sanadi ne, haka sandar da yake juya faifan gini da ita. To jakin da ya ɗauko yumɓun daga bakin kogi fa? Yana wurin, ya sha wahala, wataƙila ma yana ɗaure a gefe har aka gama. Suka ce shi ba sanadi ba ne, domin ana iya ɗauko yumɓu a ka ko a amalanke, tulu ya fito yadda yake. Suka cire launin sandar, suka cire ƙarar da take yi, har mahaifin magini suka cire, duk da cewa in babu shi babu maginin. Nasa sanadin a kan ɗansa ya tsaya. Ni dai ina ganin da yawa daga gardamar da ake tafkawa a Facebook kan dalilin lalacewar abu kaza, jakin ake kamawa da duka, kawai don an gan shi a wurin.

Buda, wanda ya rayu a arewacin Indiya ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai damu da inda man yake ɓoye ba. Wahala ce ta dame shi, da yadda za a tsayar da ita. Ya koyar da sarƙa mai gaɓa 12, daga jahilci har zuwa tsufa da mutuwa, kowace gaɓa ta jingina da wadda ta gabace ta: jin daɗi ko zafi ya jawo kwaɗayi, kwaɗayi ya jawo riƙo. Kwance ɗaya, waɗanda suka biyo bayanta su faɗi.

Sai Nagarjuna, ɗaya daga mabiya Buda, wajen ƙarni na 2 Miladiyya, ya kai maganar ƙurewa. Idan tsiro yana cikin iri tun farko, fitowarsa aikin banza ne, tunda yana nan. Idan kuma baƙo ne ga irin gaba ɗaya, to ya kamata ya iya fitowa daga tsakuwa. Haɗa ra'ayoyin biyu haɗa matsalolinsu ne. Cewa babu sanadi kuwa, manomi ya ƙaryata shi. Abin da ya rage masa shi ne babu wani abu mai tsayuwa da kansa, kowane abu jingine yake da wani.

Wanda ya zauna gaban malamin tauhidi zai ji wani abu ya yi masa kama da saninsa. Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, ya ce ganin auduga ta ƙone lokacin da wuta ta taɓa ta bai tabbatar da cewa wutar ce mai aikin ba. Amma kada a gaggauta haɗa shi da Nagarjuna. Gazali ya ƙwace iko daga wuta ne ya mayar ga Allah, Nagarjuna kuwa bai ajiye kowa a wannan matsayi ba. Ko a cikin Indiya ba a bar mabiya Buda sun tafi da maganar haka ba. Udayana, malamin Niyaya na wajen ƙarni na 10 zuwa 11, ya rubuta littafi sukutum yana kafa hujja cewa duniya abin yi ce, don haka dole tana da Mai yi.