WA KE SHAN WUTAR GIDANMU?

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda na saba, labarin kaina ne, kuma wallahi sai da na yi ta juya abin a raina kafin na yarda na rubuta, don kuwa ba ni ce mai gaskiya a cikinsa ba.

Gidanmu a Kano sashe biyu ne, ɗaya na yayan maigidana da matarsa wadda nake kira Anti, ɗaya namu. Ƙofa ɗaya muke shiga, rijiya ɗaya, mitar wuta ma ɗaya ce, irin ta kati. Tun da aka kawo ni gidan na tarar da tsarinsu, duk ƙarshen wata kowane sashe ya kawo naira 10,000, a haɗa a sayi katin 20,000, a samu yunit kusan 270. Lokacin sanyi wannan katin sai ya kai mu wata cif, har wani lokaci a yi ragowa. Ba a taɓa jin kanmu ba.

To ana nan sai ga azumin shekarar 2024, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, a daidai shigowar bazara. Kun dai san zafin Kano a irin wannan lokaci, rana ta take sai ma'aunin zafi ya kai 40 har ya gota, katifa ta koma kamar an sauke ta daga kan murhu, ruwan randa ma sai ka ce na shayi. A cikin wannan hali Allah ya sauke ni lafiya, na samu 'ya mace, haihuwata ta biyu, don haka ban tafi wankan gida ba, a ɗakina na zauna. Gwaggona ta zo ta yi mini kwana bakwai, bayan suna ta koma, sai Anti ta karɓi hidimar. Ita ce dafa ruwan wanka safe da yamma, ita ce kunun kanwa, ita ce wanke jaririya, ga azumi a bakinta, ga 'ya'yanta huɗu, ga kuma sana'arta ta ƙanƙara da zoɓo da lamurje da take ƙullawa a leda tana jerawa a firiza.

Katin da ke kai mu wata sai ya ƙare a kwana goma sha ɗaya. Aka ce ai zafi ne, fankoki ba sa hutawa, aka sake haɗawa aka saya. Ana wata sai ga wata. Ranar 3 ga Afrilu hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta sanar da ƙarin kuɗi ga 'yan rukunin A, wanda ake ce wa Band A, daga wajen naira 68 duk yunit zuwa naira 225. Ni a ranar ma na fara sanin wai wuta rukuni-rukuni ce. 'Yan A an yi musu alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Ashe mu layinmu yana cikin A, shi ya sa 'yan uwa ke yi mana tsiya wai mu 'yan gatan wuta ne. Maigidana ya sayo katin 20,000, bayan an cire haraji ya ga yunit 82 da 'yan ɗigo, ya yi ta duban wayarsa yana goge fuskarta ko idonsa ne. Kwana uku da wuni wannan kati ya yi, mita ta fara kukanta cikin dare.

Daga nan fa fuskokin mazan gidan suka canza. Ba wanda ya ce wa wani komai, amma ka ga gaisuwar asuba ta gajarce.

Da sallah ta zo, tun da ni ba na fita, sai 'yan uwa da ƙawaye suka cika mini ɗaki, hira ta yi hira har ta gangaro kan kuɗin wuta, kowa ta shiga faɗin nata. Yayata ta ce su naira 8,000 ke kai su wata, kuma ba a ƙara musu ko kwabo ba. Wata ƙawata da muka gama sakandare tare ta ce su ba su da mita, takarda ake kawo musu ta ƙiyasi, a watan nan an rubuto 15,000. Wata kuma ta ce su sun huta, mijinta ya sa sola. Ni ina jin su ina lissafi a zuci, na ga in aka tafi a haka gidanmu sai ya sha abin da ya haura naira 150,000 a wata guda. Na faɗa musu, ɗaki ya ɗauki salati. Sai ƙawar nan tawa ta matso ta rage murya ta ce, "Ke ma dai da wani abu, kina zaune da mai firiza tana kwana tana wuni a kunne, ita tana cin riba ku kuna biya, sannan ki tsaya tambayar wa ke shan wuta?"

Wallahi 'yan uwa maganar nan sai ta zauna mini daram a zuciya. Da daddare in gari ya yi tsit ina jiyo gurnanin firizar daga sashenta, sai na ji kamar kuɗin mijina take taunawa. Na fara yi wa maigidana famfo, yau na ce a raba mita, gobe na ce ai ba adalci a biya daidai. Na daina sakar wa Anti fuska. Ranar da abin ya fi muni, ta shigo da bokitin ruwan wankana yana tururi, gumi na ɗiga daga haɓarta, ni kuwa na kalli bango na ce, "Wasu dai sun ji daɗi, ana biya musu wuta suna tara kuɗin adashi." Ta ajiye bokitin a hankali, ta ce, "Amarya ki yi maza kada ya huce," ta fita. Ko kallon banza ba ta yi mini ba.

Kada na ɓoye muku, a lokacin ina tsakiyar rubuta wani littafi, sai da na ƙirƙiro wata muguwar facala na cusa ta a babi na tara, na ba ta firiza har biyu.

Ana haka autanmu ya zo ganin jaririya, shi kuwa fannin lantarki yake karantawa. Na zayyane masa komai ina jiran ya taya ni. Bai ce uffan ba, ya karɓi biro da littafin da nake rubutu, ya juya bayansa, ya ce na bi shi. Ya ce, "Yaya, kowane kayan wuta akwai 'yar takarda ko rubutu a jikinsa da ke faɗin wat nawa yake ja. Wat 1,000 in ya yi awa ɗaya a kunne, shi ne yunit ɗaya. Shi ke nan lissafin, ba wani tsafi." Muka fara da fanka, ya ce irin ta sama wajen wat 75 ce, sai ta yi awa goma sha uku tana juyawa kafin ta cinye yunit guda. Ƙwan fitila irin farin nan na yanzu wat 9 ne ko 10, ya ce wannan ko a lissafi kada na wahalar da kaina. Dutsen guga wat 1,000 ne, amma minti nawa ake yi da shi?

Ya yi sallama sashen Anti ya ce yana so ya duba firiza, ta ce bismillah. Ya dawo ya ce injinta bai kai wat 200 ba, kuma ba kullum yake aiki ba, in ta ɗau sanyi yana tsayawa ya huta. Da yake bazara ce, ana yawan buɗe ta, ana kuma zuba mata kaya masu ɗumi, ya yi mata kuɗin goro ya ce a ba ta yunit 3 a rana. Na ce uku kacal? Ya ce uku.

Sai ya ɗaga kai ya dubi bangon ɗakina. Esi ce maigidana ya sa mini ana saura wata ɗaya na haihu, saboda ƙurajen zafi da suka feso wa babban ɗana, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Ya karanta jikinta, wat 1,200. Ya ce awa nawa take yi? Na ce daga bayan isha'i zuwa asuba, wani lokacin da azahar ma na ɗan kunna saboda jaririya. Ya rubuta yunit 9, ya ce ya yi mini sassauci. Sannan ya ce, "Ruwan wankan jegon nan da me ake dafa shi?" Gabana ya faɗi. Ni ce da bakina na ce ba na son na itace, wai yana sa mini ƙaurin hayaƙi a jiki, na ba Anti hitar da ke cikin kayan aurena. Aka ɗauko ta, wat 1,500. Kafin ta tafasa babban baho sai ta yi awa biyu, safe da yamma awa huɗu ke nan, yunit 6.

Ya ja layi ya tara. Gidan gaba ɗaya muna shan wajen yunit 25 a rana, a ciki esina da hitata sun kwashe 15. Sashen Anti kaf, da firizar da fankokinta da talabijin, bai wuce 7 ba. A farashin lokacin ruwan wankana kaɗai yana cin kusan naira 1,500 kullum, firizar da na ɗora wa karan tsana kuwa rabin haka. Ya ce, "Yaya, duk abin da ke dafa ruwa ko ya sanyaya ɗaki guda, shi ne mai cin wuta. In za a raba kuɗi da adalci, ke za ki biya kashi biyu cikin uku, har da ɗori." Na rasa inda zan sa kaina, na ce ya rufe mini littafi.

Shi ne kuma ya warware mini zancen yayata. Ya ce ai yana kwana gidanta, wutarsu in ta yi kirki awa shida ce zuwa takwas, da yawanta ma sai tsakar dare. Mijinta na zuba wa ƙaramin janareta lita biyu duk dare, lita kuwa a lokacin ta haura naira 600, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wannan kaɗai ya doshi naira 40,000 a wata, ban da ƙanƙarar da suke saya kullum ta buɗa baki, ban da miyar da ke lalacewa a zubar. Da ta ce 8,000 ba ƙarya ta yi ba, kuɗin kati kawai ta faɗa. Ƙawata mai takardar ƙiyasi kuwa ko an kawo wuta ko ba a kawo ba sai ta biya, mai sola kuma ba ta gaya mana abin da aka kashe wajen sayen batir da faranti ba. Ashe ranar nan zama muka yi muna gwada abin da ba ya gwaduwa, ni kuma na kwashi zancen na je na sauke a kan baiwar Allah.

Ban iya barci ba a daren. Da safe kafin ta jona hita na riga ta fitowa tsakar gida, na durƙusa na ce, "Anti don girman Allah ki yafe mini." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ta sani tun tuni. Wai tun makon farko ta lura in ta jona hitar jar fitilar mita sai ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar idon mara gaskiya, in ta cire ta lafa. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Haba Amarya, mai jego ake yi wa lissafin ruwan zafi? Kwana arba'in ne fa, kamar yau ne." Abin da ya ƙarasa kashe mini jiki, daga baya na ji a bakin maigidana cewa rabin da yayansa ke kawowa a watan nan, mafi yawansa daga kuɗin ƙanƙararta ya fito, don kasuwa ta yi masa nauyi.

Sauran kwanakin wankan a kan gawayi aka ƙarasa su, ban kuma ji ƙaurin komai ba. Esi ta koma awa biyu, ɗaki na yin sanyi a kashe a kunna fanka. Muka sauko yunit 12 zuwa 13 a rana. A watan Mayu aka rage farashin zuwa naira 206.80, a Yuli ya koma 209.50, lokacin kuma damina ta sauka gari ya yi sanyi. Maigidana ya je Sabon Gari ya sayo 'yar ƙaramar mita aka ɗaura a sashenmu, yanzu kowa abin da ya sha yake biya, kuma shi ya nace a yi hakan, yayansa har fushi ya yi wai an mai da shi baƙo.

Littafin nan kuwa ya fito, na so na cire babi na tara amma labarin ya riga ya ɗaure a kansa, sai dai na rage firiza ɗaya. Anti ce ta fara karantawa kamar kullum. Da ta dawo mini da shi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Amarya, wannan matar ta babi na tara, Allah ya shirye ta. Amma zoɓonta ba citta, ki gyara in za a sake bugawa."