Daga Bungudu Zuwa Dutsen Kwatarkwashi: Wa Ke Ɗauke wa Matafiyi Kaya?

Mu huɗu muka tashi daga Bungudu bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu, da niyyar yin kwana uku a ƙasa: mu ratsa ƙauyukan da ke kusa da titi zuwa Gusau, mu wuce Kwatarkwashi mu hau dutsenta, sannan mu ƙarasa Tsafe. Salon tafiyar shi ne wanda matasan Turai da Amurka suka mayar wasan motsa jiki: a yi sassarfa inda ƙasa ta miƙe, a taka a hankali inda ta yi tudu, kowa da 'yar jaka a baya wadda ba za ta hana shi gudu ba. Karonmu na farko ke nan, kuma na dawo da magana guda da nake son in kafa mata hujja: jakar matafiyi ba ta yin sauƙi sai mutanen hanya sun ɗauke masa sauran kayan.

A fara da lissafi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma mai sassarfa a ƙasarmu yana shan lita da yawa a wuni, ko da hunturu ne, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Wanda ya ce zai goya ruwan kwana uku ya daina gudu tun kafin ya fara. Guzuri bai da wannan matsalar, domin kakanninmu sun daɗe da warware ta: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli da dakuwa duk busassu ne, ba nauyi, ba sa lalacewa da wuri, ga riƙe ciki. Amma tukunya da tabarma da babban bargo, duk a gida muka bar su. Abin da ya maye gurbinsu shi ne famfon burtsatse a bakin gari, da randar ƙofar gida, da teburin mai shayi, da ƙwaryar mai fura, da zauren da mai unguwa ya ce a shimfiɗa wa baƙi. Ko a Turai haka abin yake. Hanyar da ta kewaye Dutsen Mont Blanc, mai kimanin kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, ana iya gudu a kanta da ƙaramar jaka ne saboda akwai masaukai jere a kan tsaunukan, ana biya a ci a kwana. Su da kuɗi suke sayen sauƙin, mu kuwa da sallama da mutunci muka gaje shi.

Gadon nan tsoho ne a wannan yanki. 'Yandoto, da ke ƙasar Tsafe, ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadi, kuma masu neman ilimi da ƙafa suke zuwa mata, daga su sai allo da buzu da gora. Ita kanta Gusau, wadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta girma ne da baƙi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai jagorancin ayari, suna da zango inda ake sauke kaya, suna da mai masauki a kowane babban gari. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929, daga baya kuma mota ta mamaye titi, sai matafiyi ya koma mai wucewa, ba ya buƙatar sanin sunan ƙauyen da ya bari a baya. Mai tafiya a ƙasa ba shi da wannan gatan. Dole ya tsaya, ya yi sallama, ya faɗi daga inda yake da inda ya nufa.

A gindin Dutsen Kwatarkwashi, wanda duk mai bin titin Gusau zuwa Funtuwa yake hangowa, hujjar ta ƙara fitowa fili. Taswirar waya tana nuna titi da gari, amma ba ta san ta wane gefe dutsen ke hawuwa ba, ba ta san cewa da hantsi ya ɗaga fa yana ɗaukar zafin da ke ƙona tafin hannu ba, ko cewa da damina santsinsa ya isa ya kayar da gwani, ko kuma a wane tsagi maciji ke fakewa. Ɗan gari ya san duk wannan, kuma saninsa shi ne kayan da ya fi kowane amfani, alhali ba ya ƙara wa jaka ko giram ɗaya. Shi ya sa neman izini a wurin masu gari da ɗaukar ɗan jagora suke cikin tafiyar kanta, kamar takalmi da ruwa. Daga sama kuwa, idan ƙura ta lafa, mutum yana ganin gonakin dawa da gero da aka girbe, da ƙauyuka a warwatse, kowanne tazararsa da ɗan'uwansa ba ta wuce abin da ƙafa za ta ci kafin ƙishi ya yi tsanani ba.

Wani zai ce wannan wasan 'yan hutu ne, tunda manomi da makiyayi da mai tallan itace suna cin wannan nisan kullum ba tare da sun kira shi wasa ba. Gaskiya ne, kuma ya kamata ya rage wa ɗan birni alfahari. Sai dai ɗan birnin da ya taɓa taka hanyar ya fi wanda bai taɓa ba sanin abin da kalmar nisa ke nufi ga mai naƙuda ko ɗan makaranta. Wani kuma zai ce ɗora wa talaka nauyi ne ka zo masa hannu rabbana da sunan sauƙin kaya. Wannan ƙorafin yana da ƙarfi, amsarsa kuma a aikace take: a sayi abin da ake sayarwa ba tare da dogon ciniki ba, a sallami ɗan jagora da kyau, a riƙa wa mai masauki goro ko sabulu, a tashi da wuri. Baƙo raɓa ne, in ya wuce haka ya zama kaya.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne tsaro, kuma ba ni da niyyar rage masa kaifi. Zamfara, jihar da aka rufe wa layukan waya da kasuwannin mako a shekarar 2021, wadda ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024 saboda ɓarnar 'yan bindiga, ba wurin da za a ce wa matasa su kwana a daji ba ne. Ba mu kwana a daji ba, ba mu yi tafiyar dare ba, kuma zangon ƙarshe, daga Kwatarkwashi zuwa Tsafe, a mota muka yi shi da rana tsaka, bisa shawarar waɗanda suka fi mu sanin hanyar. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Amma a lura, wannan yankewar ita ce babbar shaidar maganata. Ƙafafunmu ba su gaza ba, guzuri bai ƙare ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne amana: inda ake tsoron baƙo ko infoma ne, inda mai gari ba zai iya lamunce wa kowa kwana ba, to komai tsadar takalminka tafiya ta tsaya.

Saboda haka duwatsun Tsafe daga ƙasa muka kalle su. Ana auna zaman lafiya da yawan jami'an tsaro da shingayen kan titi, ni kuwa ga nawa ma'aunin: ranar da samari huɗu za su tashi daga Kwatarkwashi su nufi 'Yandoto da gorar ruwa da dabino kawai, magariba ta riske su a ƙauyen da ba su san kowa ba, su yi sallama, a ce musu su shigo zaure.