Ranar da na fara kitsa kan namiji

'Yan'uwa, shekara 9 ina kitso a Birnin Kudu, ban taɓa sa hannu a kan namiji ba. A Sundimina inda na tashi, wannan aikin wanzami ne.

Bara wata tela da muke ƙungiyar mawaƙa tare ta tafi da ni Abuja bikin nuna tufafi. Na ɗauka 'yan mata zan yi wa shuku. Ina shiga bayan dandali sai ga samari 6 a jere, kowanne minti 20, zane zuwa ƙeya. Hannuna ya hau rawa. Gashin gajere, sai zamewa yake, tsinken ma ya faɗi sau biyu. Na farkon ya ce, "Anti, ja sosai, ba zan yi kuka ba."

Sai na tuna samarin Fulani da ke shigowa kasuwarmu da kitsonsu fes. Na rage mai, na ƙanƙanta tsaga, gashi ya kamu.

Kuɗin ya biya mini hayar shago. Amma har yau ban faɗa wa Mama kan wa na kitsa ba, kuma abin yana cina duk Lahadi in muka zauna benci ɗaya.